Ranar Da Na Daka Wa Surukina Tsawa a Kan Dutse

In dai da raina da hankalina, ba zan manta da ranar da na daka wa surukina tsawa ba. Duk wanda ya tashi a Sakkwato ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mutumin da na yi shekara da shekaru ban yarda mun haɗa ido ba, ban taɓa tauna ko gyaɗa a gabansa ba, shi na buɗe baki na yi wa ihu a gefen dutse, har awakin da ke kiwo can ƙasa suka ɗago kai. Amma kafin ku yanke mini hukunci, ku bari in faro muku daga tushe.

Surukin nawa babban ɗan kasuwar hatsi ne a Kara, gidansa na cikin gari, ba nisa da Hubbare. Matata ita ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, ni ma da na aure ta sai kunyar ta shafe ni. Suna ɗaya ya raɗa mini, wai mutumin ofis, saboda ina aikin gwamnati, shi kuwa a wurinsa duk wanda ba ya auna gero zaman shan iska yake yi a ƙarƙashin fanka. Hirarmu ba ta da wuyar haddacewa. In tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, in durƙusa can nesa, in gaishe shi. Ya amsa yana kallon wani wuri, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, in ce alhamdu lillahi. Duk abin da ya faɗa bayan wannan, amsata ɗaya ce, "To, Baba." In yana da saƙo gare ni, ko ina durƙushe a gabansa, sai ya juya ga wanda ke kusa ya ce a gaya wa mutumin ofis kaza. Ni ban taɓa ganin aibin haka ba. Haka na ga mahaifina yana yi wa nasa surukin, kuma har alfahari nake yi da cewa ba a taɓa kai ƙarata ba.

A wancan lokaci muna zaune a Mabera, kuma wanda ya san Mabera da damina ya san abin da ke sa mutum sha'awar mota mai tsayi. Na gaji da tura ƙaramar motata cikin ruwa da wandon zuwa aiki, sai na sayi wata tsohuwar a-kori-kura mai gida biyu a hannun wani ɗan kwangilar dutse a Kalambaina. Doguwa ce, in za ka shiga sai ka kama ƙarfe ka ɗaga ƙafa kamar mai hawa raƙumi. Tana da wata ƙaramar giya a gefen babbar, wadda direbobi ke kira giyar taimako, mai sa duka tayoyin su ja tare. Ban taɓa saka wannan giya ba, amma babu baƙon da ya zo gidana bai sha bayaninta ba. Na cika unguwa da cewa motata babu inda ba ta hawa, alhali abu mafi tsayi da ta taɓa hawa a hannuna shi ne tudun da ake yi a titi don rage gudu.

Bakin nan nawa shi ya jawo mini. Idon Baba ya daɗe yana ba shi wahala, hawan jinin ido aka ce. Wata rana matata ta dawo daga gidansu idonta jawur, ta ce likita ya keɓe ƙannenta ya gaya musu gaskiya, ɗan ganin da ya rage ba zai kai bayan damina ba. Shi dai Baba cewa yake yi yana gani sarai, kuma babu mai ƙarfin halin musa masa. Abu ɗaya ya dame su da shi. Yana so a kai shi kufan garin da aka haife shi, a kan wani dutse can kudu, wajen ƙasar Kabi, ya gan shi da idonsa ko sau ɗaya. Yana yaro mutanen garin suka sauko suka kafa sabon gari a gindin dutsen, shi kuma fatauci ya kawo shi Sakkwato, bai sake hawa ba. 'Ya'yansa maza duk ƙananan motoci gare su masu jan ciki a ƙasa, ga shi ana jiran ruwan farko yau ko gobe, in kuwa ya sauka hanyar ta rufe sai kaka.

"Sai nic ce musu ai motag gidanmu babu inda ba ta hawa," in ji matata, tana kallona ido cikin ido. Dole na ce to.

Muka tashi bayan sallar asuba, mu uku. Shekarun nan ne da mutum ke shiga daji ba tare da gabansa na faɗuwa ba. Baba ya hana 'ya'yansa binmu, ya ce shi ba majinyaci ba ne da za a yi masa rakiya. Amininsa kawai ya ɗauka, wani tsohon hedimasta mutumin ƙasar Zuru, Kirista, wanda koyarwa ta kawo Sakkwato tun yana saurayi, ya kama haya a gidan da ke jikin na Baba bai sake tashi ba. Abotarsu ta girme ni, kuma ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba. In ɗaya ya ce yau akwai zafi, ɗayan zai ce ai yau da sauƙi. Hedimasta ya zauna gaba kusa da ni, lemarsa a tsakanin ƙafafu, Baba ya hakimce a baya. Nan take muka sami tsarin aiki, Baba ya faɗa, Hedimasta ya isar, ni in ce to.

"A ce ma mutumin ohis shi rage gudu," in ji Baba. "Ba gobara za mu kashewa ba."

Hedimasta ya juyo gare ni, fuska ba alamar wasa. "An ce ka rage gudu."

"To, Baba."

Ba mu yi nisa ba Baba ya sake gyara murya. "A ce mishi in haka za mu tahi, bisa hanya za mu yi sallar layya."

"An ce ka ƙara," in ji Hedimasta.

Da muka tsaya wani gari suka sayi ƙosai suna karyawa a cikin mota, ni kuma ba halin in ci a gaban suruki, sai na buɗe murfin injin na ce zan duba ruwan lagireto. A bayan murfin nan na cinye nawa a tsaye, da sauri, har ya ƙona mini harshe. Da na dawo Hedimasta ya dube ni ya ce lagireton nan da alama yana son yaji, don ga shi a gemuna.

Kwalta ta ƙare, muka shiga burji, burjin ma ya ƙare muka shiga turbar shanu da babura. Rana ta ɗaga sosai lokacin da muka wuce sabon garin muka isa gindin dutsen. Ni ɗan birni ne, tudun da na sani bai wuce na cikin gari ba, sai ga abu a gabana baƙi ƙirin ya tokare sama, duwatsu kan duwatsu, itatuwa sun maƙale a tsakaninsu. Hanyar da ta hau shi tsohuwa ce ƙwarai. Baba ya ce jakunan fatake ne suka fara fitar da ita, daga baya a zamanin Turawa aka tara mutane da fartanya suka faɗaɗa ta, don wani bature ya gina bariki a sama yana zuwa shan iska. Har yanzu ana ganin duwatsun da aka jera da hannu a gefenta, wasu sun zame, wasu suna nan daram. Na yi bisimilla, na kama giyar taimakon nan, na tura ta. Ta yi ƙara ta shiga. Motar ta fara hawa a hankali tana gurnani, tana karkata nan, tana karkata can, ni kuwa na ƙanƙame sitiyari. Duk da haka, gaskiya, na ji daɗi. Har na fara tsara yadda zan ba da labarin a majalisa.

Can sama, inda rufin kwanon sabon gari ya koma ƙanana a ƙarƙashinmu, hanya ta rabu biyu. Ta dama tana da sawun babura, ana ganin ana binta. Ta hagu ciyawa ta bushe a kanta, ruwan damunan baya ya yanke ta tsaga-tsaga, kuma gefenta ɗaya kwazazzabo ne. Na taka birki.

"Mun kai mararraba ko?" in ji Baba. "A bi hagu. Ita ka shiga ƙohwag gari."

"Alhaji, hanyag ga ta mutu," in ji Hedimasta. "Ko jaki ba ya bin ta yanzu. Mu bi dama."

"Kai dai tun muna samari tsoro gare ka. Ni da anka haihwa nan za ka gwada ma hanya? Ga ta nan shimhiɗe awa tabarma. Ni ta ƙohwa nih hita garin ga, ta ƙohwa za ni komawa. A ce ma mutumin ohis shi bi hagu."

Wannan karon Hedimasta bai isar da saƙo ba. Ya juyo ya dube ni sosai. "Ɗana, kai ka riƙe da sitiyari, kuma idonka ya hi namu ƙuruciya. Mi kag gani?"

Ina ganin hanyar nan kamar yadda nake ganin hannuna. Babu wata tabarma a wurin. Da ina da wayo, maganar tabarmar kaɗai ta isa ta gaya mini wani abu game da idon Baba. Amma abin da ke kaina a lokacin shi ne, yaya za a yi suruki ya ce hagu, ni in ce dama, a gaban amininsa, a ce na goyi bayan wani na bar shi? Na sunkuyar da kai na ce, "Duk yadda Baba yac ce." Hedimasta ya yi tsaki a hankali, ya gyara zaman lemarsa, ya kama ƙarfen da ke saman ƙofa da hannu biyu.

Ba mu yi tafiyar kirki ba. Tayoyin suka faɗa cikin tsagar da ruwa ya yi, ɗaya dama ɗaya hagu, a tsakiya kuwa wani ƙaton dutse ya fito da ƙirji. Na ji ƙarar ƙarfe a ƙarƙashinmu har cikin haƙorana, motar ta yi tsalle ɗaya ta zauna. Na taka totur, tayoyi suka yi ta juyawa a banza suna watsa tsakuwa. Na sa ribas, haka. Na sauko na leƙa, sai ga motata ta ɗora ciki a kan dutse, tayar baya ɗaya tana lilo a sama.

Hedimasta ya zagaya ta yana dogara lema, ya gama kallo ya ce, "To, ba a yi ƙarya ba. Ta hau. Sauka ta ba a yi muna alkawali ba." Baba daga ciki ya ce laifin direbobin zamani ne, da ba su san yadda ake lallashin mota ba. Na ce, "Haka na, Baba." Muka tara duwatsu muka yi wa tayoyi waigi don kada ta gangara. Na ɗaga waya sama, na juya gabas, na juya yamma, babu sabis ko ɗigo. A wannan juyawar ce na ga abin da ya tayar mini da hankali. Can gabas, ƙasa-ƙasa, hadari ya fara haɗuwa. In ruwan nan ya same mu a nan, ba maganar kufai kuma, sai dai a yi ta saukowa da dattijo, kuma ba za a sake hawa da shi yana gani ba.

Hedimasta ya ce shi zai sauka gari ya kira mutane, don shi ɗan dutse ne, ƙafafunsa ba su manta ba, ni kuwa in na sauka da takalmin ofis sai an aiko a ɗauko ni. Kafin ya tafi ya ja ni gefe ya yi ƙasa da murya. "Ka sa mishi ido. In ta kama ka yi magana, ka yi. Na san shi tun ba ka zo duniya ba, ba ya cizo." Ya buɗe lema ya gangara, ya bar ni da surukina, babu mai isar da saƙo.

Baba ya sauko ya tsaya a jikin mota. Ni kuma na tsuguna can wajen tayar gaba ina duba ta, kamar akwai abin da ban gani ba. Can sai ya yi magana, ba da ni ba, da iska. "Da mutum zai taka, ai an iso. Ƙohwa na nan bayan kwana, inda tsamiya take." Na ce, "Haka na, Baba." Kafin in ankara ya gyara babbar rigarsa a kafaɗa ya kama hanya. Ba ya riƙe sanda, don ya hana a saya masa. Tafiya yake yi ta mai gari, kai a sama, ƙafa na sauka inda ta saba sauka tun yana yaro. Na bi shi a baya, da ɗan tazara, yadda ladabi ya tanada.

Matsalar ita ce hanyar da ke cikin kansa ta daɗe da barin duniya. A inda da take miƙewa kafin kwana, ruwa ya cinye ta gaba ɗaya, sai wata siririyar turbar awaki da ta raɓa jikin dutse ta dama. Gaba kuwa rami ne, mai zurfin da in ka leƙa sai ka ga kan itatuwa. Baba kuma ya miƙe sak ya nufe shi. Na ce a raina, ai yana gani, yanzu zai karkata. Bai karkata ba. Na yi gyaran murya. Bai waiwayo ba. Na ɗan matsa na ce, da muryar gaisuwa, "Allah shi ƙara ma Baba lahiya." Ya ce, "Amin," ya ci gaba da tafiya. Wallahi har yau in na tuna wannan amin ɗin sai in rasa dariya zan yi ko kuka. Na yi tari mai ƙarfi. Saura ƙiris, har tsakuwar bakin ramin ta fara zubewa a ƙarƙashin takalminsa.

Ban san lokacin da abin ya fito ba. "Kai! Tsaya nan! Kak ka ƙara taki!" Na yi tsalle na caɓi babbar rigarsa ta baya na fizgo da duk ƙarfina. Muka zube tare, shi a zaune, ni a kwance. Hularsa ta fice, ta yi birgima, ta faɗa ramin. Muryata ta bugi dutse ta dawo mini, sai na ji da kunnena abin da na ce wa uban matata. Kai. Ko ƙanena ban cika ce wa haka ba. Na tashi na durƙusa, na rasa ta inda zan fara ba da haƙuri.

Baba ya miƙa hannu gabansa yana shafa ƙasa, yana matsawa, har yatsunsa suka kai inda ƙasar ta ƙare. Ya lalubi wani ɗan dutse ya jefa. Muka yi shiru muna saurare, aka daɗe kafin mu ji saukarsa.

"Hulata?" ya tambaya.

"Ta tahi, Baba."

Sai kafaɗunsa suka fara motsi. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce. "Ashe kana da murya," in ji shi. Ban da amsa gaisuwa, ranar ce ya fara yin magana da ni kai tsaye. Ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina, idanunsa a buɗe amma sun wuce ni kaɗan. "Da nic ce a bi hagu, kai kana ganin hanyar?"

"Ina ganinta, Baba."

"Kuma kab bi?"

"Baba yac ce."

Ya girgiza kai. "Lalle mun haɗu. Ni kau tun azumin da yaw wuce ban ganin komi sai haske da duhu. Ina ce musu ina gani, su kau suna ce mani to. Na ɗauka in na iso nan, wurin da nis sani, ido zai ɗan tuna. Bai tuna ba."

Zuciyata ta karye. Duk wannan tafiya, duk rige-rigen da muke yi da damina, ashe mun makara tun kafin mu bar Sakkwato. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushin dukanmu, 'ya'yansa da matata da ni, da muka bar dattijo shi kaɗai cikin duhu saboda kowa na jin nauyin ya tambaye shi. Na ce ko mu koma mota mu jira mutane, tun da hadari na tasowa. Ya ce bai zo daga Sakkwato don ya juya a bakin ƙofa ba. Ya ɗaga hannu sama. "Kama ni. Kai ka gaba."

Haka muka bi turbar awakin nan, hannunsa a cikin nawa. Hannu ne busasshe mai ƙarfi, na mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɗaga buhu da mudu. Da farko kowane umarni sai na yi masa riga da wando. "Allah shi ƙara girma, Baba, in ba damuwa, akwai wani ɗan dutsi nan gaba." Kafin in kai ƙarshe ya riga ya yi tuntuɓe. A karo na uku ya tsaya. "Kai, aje girman ga sai mun sauka. Ce dama, ce hagu, ce ɗaga." Na ce to. Daga nan sai ga ni ina ba surukina oda, ɗaga, sunkuya, tsaya, taho, shi kuma yana bi ba musu. Da wani daga unguwarsu ya hango mu da ya ce aljanun dutse sun taɓa mu duka biyu.

Muka shiga ta ƙofa, kamar yadda ya so. Ba ƙofa ba ce kuma, giɓi ne a tsakanin tarin duwatsun da da ganuwa ne. Iska ta sama ta buge mu, mai sanyi. Ya tsaya yana shaƙa. "To, hwaɗa mani abin da kaka gani. Kak ka yi mani kwaskwarima, an yi mani ta isa. Tsamiya na nan?" Na dubi wurin. Kututture ne kawai, baƙi, da alamar wuta. Bakina ya so ya ce tana nan, don na saba. Na haɗiye na ce ta mutu, sai kututture. Ya gyaɗa kai ya ce dama ta tsufa. Na gaya masa kukoki suna nan, manya, ba ganye. Na gaya masa barikin bature ba rufi, ƙadangaru sun gaje shi. Gidaje kuwa sai zagaye-zagayen duwatsu a cikin ciyawa. In na faɗi abu sai ya ɗora masa suna, nan gidan maƙera ne, nan masallaci, nan ake ɗaure jakunan baƙi. Da na ce ina hangen fadama can ƙasa da shanu a cikinta, ya gyara mini, ya ce ba fadama ba ce, tafki ne, rani ne ya shanye shi. Ko a nan bai bar ni na ci gardama ba.

Sai ya ce in nemo masa wani falalen dutse mai ramuka, gabas da masallaci. Na same shi, shimfiɗaɗɗe, da ramukan niƙa a jere, waɗanda mata suka gurza shekara da shekaru har suka yi sulɓi. Na durƙusar da shi. Ya riƙa bin su da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, yana wucewa, har ya kai wani na gefe mai ɗan tsaga a baki. Ya sa hannu a ciki ya bar shi nan. "Wanga na innata na," in ji shi. "Nan nika zama ina satar gari ina ɗurawa baki, tana buge mani hannu." Ya yi ta shafa ramin a hankali, leɓunansa na motsi. Ya yi wa mahaifiyarsa addu'a, ya yi wa duk waɗanda ke kwance a kan dutsen, ina amsawa da amin. Hawaye suka zubo mini, na bar su, tun da na san ba ya gani.

"Mutumin ohis," in ji shi, bai ɗago ba, "mura ta kama ka?"

"Iska ta, Baba."

"Iska ta," ya ce. "Ni ma ta shiga mani ido." Ya share fuska da hannun riga, ya ɗaga hanci sama. "Tashi mu tahi, ruwa na nan tahe. Na gani, ya isa."

Da muka sauko mun tarar Hedimasta ya tara mutanen gari, sun ɗaga motar da jak da kafaɗa, sun cusa duwatsu ƙarƙashin tayoyi, ta sauka daga kan dutsen. Ya hango mu tafe hannu cikin hannu, Alhaji ba hula, rigarsa duk ƙasa. Ya sauke lema ya riƙe baki. "Mi nika gani haka? Alhaji, ina hula?" Baba ya ce, "Surukina yak kada ni. Ka shaida, in mun koma gida." Da baya-baya na fito da motar har mararraba, Hedimasta na gaba yana ba ni hannu, mutane na ihu kowa da tasa shawarar. Muna shiga sabon gari ruwan ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. A hanyar dawowa Baba ya ce shi gaba zai zauna, Hedimasta ya koma baya, tun da aikinsa ya ƙare.

Washegari ya tara iyalinsa ya gaya musu da bakinsa cewa ido ya tafi, a daina wahalar ɓoye masa abin da shi ma yake ɓoye musu. Ya karɓi sanda. Ya yi 'yan shekaru bayan nan, kuma duk Juma'a ni yake aika a kira in kai shi masallaci, muna tafe yana cewa in faɗa masa wa ya gina sabon shago, wa ya yi ƙiba, wa ya wuce bai gaishe shi ba. Labarin kayen kuwa babu wanda ya zo gaishe shi bai ji ba, kuma kullum ramin ƙara zurfi yake yi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kunya ado ce kuma ban yar da ita ba, amma ba kowane to ne ladabi ba. Wani to ɗin barin mutum ne shi kaɗai. In kana ganin abin da babba ba ya gani, girmamawar ita ce ka faɗa masa, ko da muryarka za ta fi tasa. Yanzu ni ma na aurar da 'ya, na yi suruki, yaro mai kunya, in ya zo gaishe ni ko numfashin kirki ba ya yi. Kwanan baya na kira shi, ba ta bakin kowa ba, na ce ya matso kusa. Na ce masa duk ranar da ya ga na nufi rami, kada ya tsaya yi mini addu'ar ƙarin lafiya, ya yi ihu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Da sauran aiki, amma zan ci gaba da gaya masa tun idona yana gani.